Ina gajiya? Bayani a kan barci da hutun rana

(Wannan bayani na karantawa ne a cibiyoyin yaƙi da jahilci. Ɗalibi guda ya karanta da babbar murya, sauran su saurara.)



Kowace safiya, in mutum biyu sun gamu, ɗaya yakan ce: "Ina kwana? Ina gajiya?" Ɗayan ya amsa: "Babu gajiya." Ko da jiya ya wuni duƙe a gona, ko da ƙugunsa na ciwo kamar ya tsinke, amsar ke nan. Gaisuwa ce, kuma tana da kyau. Amma jiki shi bai san kara ba. In ya gaji, sai ya karɓi hakkinsa. In an hana shi da dare, ya karɓa da rana. Wani ya karɓe shi a aji, alli na hannu. Wani bisa amalanke. Wani kuwa, Allah ya kiyaye, yana riƙe da sitiyarin mota.

Bayanin yau a kan wannan hakki ne.

Me ke kawo gajiya bayan aiki?

Tuwo da furar da mutum ya sha, jiki yana mai da su wani irin sukari. Wani ya shiga jini. Wani a ajiye shi cikin tsoka da hanta, kamar yadda ake zuba hatsi a rumbu. Sai dai rumbun nan ƙarami ne. Aiki mai tsanani wanda ba tsayawa yana iya cinye mafi yawansa cikin awa 2 ko 3. Shi ya sa manomin da ya fita tun asuba ba kome a ciki, kafin hantsi ya yi nisa sai ya ji ƙafafunsa sun yi sanyi, hauya ta yi masa nauyi. Ba ragwanci ba ne. Rumbu ne ya yi ƙasa.

Sai ruwa. A watan Afrilu da na Mayu, ma'aunin zafi yakan wuce 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Mai aikin ƙarfi cikin irin wannan rana yana iya zubar da zufa lita guda ko fi cikin awa guda. In ruwan jiki ya ragu, zuciya sai ta ƙara bugawa kafin jini ya kai ko'ina. Daga nan sai ciwon kai, jiri da kasala. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa: mutum ya dubi fitsarinsa. In ya yi ja kamar shayi, kuma kaɗan ne, ruwa ya gaza.

Akwai kuma tsamin jiki. Kowa ya san shi a farkon damana. An yi watanni ba a duƙa ba, sai ruwan shibka ya sauka, noman fari ya biyo baya. Ranar farko ba a jin kome sosai. Kashegari ne, ko rana ta uku, mutum ke kasa miƙewa. Dalili shi ne tsokar da ba ta saba da aikin ba takan yi ƴan ƙananan raunuka waɗanda ido ba ya gani. Jiki yana gyara su da kansa, kuma wurin gyaran ne tsoka ke ƙara ƙarfi. Irin wannan tsami yakan wuce cikin mako guda. Ba ya bukatar allura. Ruwan ɗumi, tausa, abinci da barci sun ishe shi.

Ita ma ƙwaƙwalwa tana da tata gajiya. Muddin mutum yana farke, wani abu yana taruwa a cikinta, kamar yadda toka ke taruwa a murhu. Lokotoro suna ce masa adenozin. Yawansa ne ke kawo hamma da nauyin ido. Barci ne ke kwashe tokar nan.

Aikin da ake yi cikin barci

Mai barci kamar ba ya yin kome. Amma a cikin jikinsa aiki ake yi.

Barci hawa-hawa ne. Da farko marar nauyi, wanda ko motsin akuya ya ta da mutum. Sannan mai nauyi, wanda sai an girgiza shi. Sannan barcin mafarki. Zagaye guda yakan ɗauki kamar minti 90, kuma cikin dare ana yin zagaye 4 zuwa 6. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare. A lokacin ne jiki ke sakin wani sinadari mai gyara tsoka, mai sa yara girma. Barcin mafarki kuwa ya fi yawa wajen asuba.

Ga wani abu da ya shafi ɗaliban yaƙi da jahilci kai tsaye. Abin da mutum ya koya da rana, cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera shi, ta adana. An gwada wannan sau da yawa: waɗanda suka yi barci bayan darasi sun fi tuna shi bisa ga waɗanda suka kwana ido biyu. Saboda haka dattijon da ke cewa kansa ya bushe, baƙaƙe ba su zama, ya fara tambayar kansa awa nawa yake kwana. Sau da yawa kan lafiyarsa lau. Hirar dare ce ta yi tsawo.

Awa nawa ke isar mutum?

Babban mutum yana bukatar awa 7 zuwa 9 cikin kwana guda. Tsoho, awa 7 zuwa 8, ko da yake barcinsa ba ya nauyi kamar na da, kuma yana yawan farkawa. Saurayi da budurwa masu shekara 13 zuwa 18 suna bukatar awa 8 zuwa 10. Ɗan lekol mai shekara 6 zuwa 12, awa 9 zuwa 12. A shekarar 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake ce wa OMS, ta ba da ƙa'idar ƙananan yara: mai shekara 3 ko 4, awa 10 zuwa 13, mai shekara 1 ko 2, awa 11 zuwa 14, jariri mai wata 4 zuwa 11, awa 12 zuwa 16. Cikin lissafin ƙananan yara har da barcin rana.

To, a yi lissafi. Wanda zai tashi ƙarfe 5 don sallar asuba, in yana son awa 7, sai ya kwanta ƙarfe 10. In ya zauna majalisa har ƙarfe 12, awa 5 ya samu. Saura awa 2. Kwana 7 a haka, awa 14 ke nan. Dare biyu cur sun ɓace cikin mako guda.

Akwai masu cewa su awa 4 ta ishe su, sun saba. Gaskiya ne akwai mutanen da Allah ya halitta da gajeren barci, amma ba su da yawa ko kaɗan. Mafi yawan masu wannan magana sun saba da gajiya ne kawai, har sun manta yadda mai hutu ke ji. Mutanen gidansu sun sani, don su ke shan faɗan.

Lissafin uwar gida

A nan ne maganar ta fi nauyi, kuma maza su buɗe kunne.

A ɗauki misalin mace a ƙauye da damana. Ta tashi ƙarfe 4 da rabi. Ta yi surfe, ta yi daka. Ta tafi rijiya. Ta dama fura, ta ɗauka a ka zuwa gandu, goyo a baya. Ta taya noma, ko ta wuce gamanarta. Ta biya ta yi itace. Ta komo ta ɗora tuwon dare. Kafin a ci, a wanke kwanoni, a kwantar da yara, ƙarfe 11 ta yi. Jariri kuma ya tashe ta sau biyu ko uku shan nono. Ko da ba a cire farkawar nan ba, awa 5 da rabi ke nan.

Da rana kuwa, lokacin da maigida ya miƙe bisa tabarma a inuwar gawo ko ta bedi, ita tana kan hanya ko tana bakin turmi. In ta yi gyangyaɗi a aji da maraice, sai a ce mata ba su da himmar karatu. Wannan magana ba adalci a cikinta.

Mace mai ciki ta fi kowa bukatar hutu, musamman a watannin farko da na ƙarshe. Mai shayarwa ma haka. Macen da ba ta samun barci ta fi saurin ƙonewa a madafa, ta fi saurin fushi da yara, kuma ciwo ya fi saurin kayar da ita. In ta kwanta, gidan duka ya kwanta. Maigidan da ya ba da kuɗin injin niƙa ya saya wa matarsa awa guda ko fi. Wanda ya ɗebo ruwa ko itace da amalankensa ya saya mata wata. Riƙe yaro na rabin awa bayan azahar bai taɓa rage wa namiji girma ba. A gidan da ke da mata biyu ko uku, wadda ba ta da girki tana iya kama wa mai jego. Yau ita, gobe ke.

Ƙailula

Barcin tsakar rana tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Malamai suna ce masa ƙailula, kuma suna yabonsa. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta ambaci tsakar rana cikin lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum ɗaki, don lokacin hutu ne. Binciken likita ma ya gano dalilinsa. Jiki yana da agogonsa. Tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 3 na rana, kuzarin mutum yakan yi ƙasa, ko ya ci abinci ko bai ci ba. A ƙasa mai zafi kuwa, lokacin ne rana ta fi cizo. Aikin da aka yi a sa'ar nan kaɗan ne, wahalarsa da yawa.

Amma ƙailula tana da ma'auni. Minti 20 zuwa 30 ne mafi kyau. A cikinsu mutum bai kai ga barci mai nauyi ba, sai ya tashi garau. In ya kai minti 45 ko awa guda, ya riga ya nutse. Aka tashe shi a nan, sai magagi: kai ya yi nauyi, bai san gabas ba bai san yamma ba, har ya ce gara da bai kwanta ba. Magagin nan yakan ɗauki rabin awa kafin ya sake shi. Wanda dare ya cuce shi ƙwarai, misali mai ban ruwan albasa a Galmi ko mai lambu a Jiratawa da ya fita tun kafin asuba, in yana da hali ya yi zagaye guda cikakke, wato awa 1 da rabi. Mai salula ya sa ta ta tashe shi. Marar ita ya gaya wa yaro.

Tsofaffi sun saba hana barcin bayan la'asar. Likita ma ba ya son sa. Wanda ya yi barci da maraice ya kwashe tokar da za ta kawo masa barcin dare. Sai ya kwanta yana juyi har tsakar dare, kashegari ya tashi a gajiye, ya sake kwantawa da maraice. Haka abin zai yi ta zagayawa. Mai fama da rashin barcin dare gara ya bar na rana gaba ɗaya, har nasa ya daidaita.

Wanda ya taso daga aikin ƙarfi kada ya faɗi nan take. Ya zauna a inuwa har haki ya lafa. Ya sha ruwa, ya sha fura, sannan ya kwanta. Barci ba ya mai da ruwan da ya fita, kuma ba ya cika rumbun tsoka. Ya duba wurin, don kunama da maciji su ma inuwa suke nema. In hadari ya taso, kada ya fake ƙarƙashin itace, saboda aradu. Ƙarƙashin kamyon da ke tsaye ma ba wurin kwanciya ba ne, kome kyan inuwarsa, don direba ba ya leƙawa kafin ya tashi.

Ƙailula ciko ce. Ba ta zama madadin dare.

Matasa ƴan kokowa da ƴan ƙwallo su ma su ji. Tun shekarar 1975, da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, yaro da yawa ke mafarkin ɗaukar takobi. Saurayi ya yi gudu, ya ɗaga ƙarfe, ya yi ta kamu har magariba, sannan ya zauna bakin shayi har ƙarfe 1 na dare. Ya yi shibka ke nan bai bari ruwa ya sauka ba. Motsa jiki yana taimakon barci ƙwarai, amma ƙarfin da ake nema yana shiga jiki ne lokacin hutu. Jin barci bayan horo mai tsanani ba ciwo ba ne. In dai kullum ƙarfi raguwa yake, ga rashin son abinci, ga rashin barci, to horon ya yi yawa. A rage, a ba jiki kwana ɗaya ko biyu.

Da azumi kuwa, dare yakan gajarta saboda asham da sahur. A shekarun 2021 da 2022 azumi ya faɗo cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara, kuma kowa ya ji a jikinsa. Mai azumi ya ja aikin ƙarfi zuwa sanyin safiya, ya riƙe ƙailula da kyau, ya sha ruwa da yawa tsakanin shan ruwa da sahur.

Shayi, goro da ƙwaya

Shayi, kafe da goro duk suna da abu guda mai suna kafeyin. Ba ya kwashe tokar ƙwaƙwalwa. Rufe ta yake yi, mutum ya daina jin ta na ɗan lokaci. Kuma yana daɗewa a jiki. Bayan kamar awa 5, rabinsa yana nan. Wanda ya sha shayi na ɗaya, na biyu da na uku bayan isha, ko ya samu barci ba zai yi nauyi ba. Goro da shayi da safe ba laifi. Daga la'asar a yi sassauci. Salula ma ɓarauniyar barci ce: fim guda ya ja wani, ga haske cikin ido, sai a ji zakara.

Tramol kuwa wani abu ne daban. Sunansa na gaskiya tramadol. Maganin ciwo mai tsanani ne, wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Na gidan likita yawanci miligram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 225. Ƴan ƙwadago, masu tura kura da ƴan kabu-kabu suna shan sa don kada su ji gajiya. Ba su jin ta, amma tana nan. Jakin da aka ɗaure wa baki bai daina jin nauyin kaya ba. Ƙwayar tana kama mutum, yau guda, gobe biyu. Tana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma in ta yi yawa tana iya tsai da numfashi. Wanda ta riga ta kama ya tafi gidan likita a taimake shi ya bari sannu a hankali. Iyaye kuma kada su yi murna don ɗansu yana nome gona biyu a wuni ba hutu. Su tambaya.

Barci bisa hanya

Daga Yamai zuwa Damagaram, ta Doso, Ƙonni da Maraɗi, kusan kilomita 900 ne. Direban da bai kwana ba yana iya yin wani gajeren barci na daƙiƙa 3 ko 4, wani lokaci ma idonsa a buɗe, shi kansa bai sani ba. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowace daƙiƙa. Cikin daƙiƙa 4, mita 100 ke nan ba mai tuƙi. A shekarar 1997, masu bincike a ƙasar Ostareliya sun gwada mutanen da suka yi awa 17 ba barci. Sun tarar hankalinsu da saurin hannunsu sun ragu kamar na wanda ya sha giya.

Buɗe gilashi, ƙara muryar rediyo da tauna goro ba su korar irin wannan barci. Maganinsa tsayawa. A kauce daga hanya, a kwanta minti 20, a wanke fuska, a jira magagi ya wuce. Fasinja da ya ga direba yana hamma, ko mota tana cin gefe, ya yi magana. Ba rashin kunya ba ne a ce: "Malam direba, don Allah a ɗan tsaya." Masu motoci da ke tilasta wa direba ya juya ba hutu su ma suna da kaso cikin alhakin.

Gajiyar da ba ta aiki ba ce

Hausawa na cewa gajiya ta bi lafiya. Haka ne in gajiyar aiki ce, don ita kwana ɗaya ko biyu na hutu suna kawar da ita. Wadda ta ƙi tafiya bayan mako biyu, ga abinci ga barci, wani abu ne ke ɓoye bayanta.

Daga Agusta zuwa Oktoba, abin da za a fara zato shi ne zazzaɓin cizon sauro. Sauron da ke kawo shi da dare yake cizo, saboda haka sange yana aiki biyu: yana tsare ciwo, yana ba da barci mai daɗi. Yaron da ke da zazzaɓi, yana ta barci, ba ya tashi shan nono, ko an tashe shi ya koma, wannan ba hutu yake ba. A kai shi gidan likita a ranar, ko da dare ne.

Ƙarancin jini ma yana sa kasala, musamman ga mata masu ciki da masu jego. Alamarsa haki daga ɗan aiki kaɗan, bugun zuciya, da farin cikin ido da tafin hannu. Shi ya sa ake ba da ƙwayoyin ƙarin jini wurin awon ciki, kuma a sha su, kada a ajiye bisa kan gado. Tsargiya da tsutsar ciki suna rage jini a hankali. Mai yawan ƙishirwa, yawan fitsarin dare da rama, a auna masa sukari. Mai tari fiye da mako biyu da zufar dare, a duba majinarsa. Mai minshari da ƙarfi, wanda numfashinsa ke tsayawa cikin barci sannan ya zabura, yana iya kwana awa 9 ya tashi kamar bai kwanta ba. Matarsa ce za ta fi ba da labari, kuma abin yana da dangantaka da hawan jini. Damuwa ma tana hana barci. Wanda bashi ko rashi ya hana wa runtsawa makonni, ya daina jin daɗin kome, shi ma marar lafiya ne, a saurare shi.

Akwai wanda ba ya jira ko kaɗan. Mutum yana aiki cikin rana, sai ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, jikinsa zafi rau, ko ya faɗi. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya huta. Zafin rana ne ya buge shi, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita. In yana cikin hankalinsa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ba ya ciki, kada a ɗura masa kome. A kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa.

Wanda zai tafi gidan likita saboda gajiya ko rashin barci, ya yi amfani da karatunsa. Kwana 7 kafin ya tafi, ya buɗe shafi guda cikin kayensa. Kowace safiya ya rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, sau nawa ya farka, ko ya yi ƙailula, da kofi nawa na shayi ya sha. In yana shan wata ƙwaya, ya rubuta sunanta ko ya tafi da kwalinta. Ya miƙa wa likita takardar tun kafin a fara tambayarsa.